Sauya Lambobin Fayiloli: Dalilin Farawa Daga Ƙarshe

Fayilolin karatun Alƙur'ani da ake saukewa a waya galibi suna ɗauke da lambobi daga 001 zuwa 114. Sifilan nan ba ado ba ne. Kwamfuta tana jera sunaye ne harafi bayan harafi, don haka in babu su, umarnin ls na Linux zai kawo sura ta 10 da ta 100 kafin sura ta 2.

Lambobin suna gyara jeri, amma suna da nasu ciwon kai. A ce marubuci yana da babi 60, kowane a fayil ɗinsa, sai ya ga dole ya cusa sabon babi bayan na 4. Ke nan fayiloli 56 za su canza suna. Maimakon bin su ɗaya bayan ɗaya, masu harkar kwamfuta kan rubuta 'yan layukan umarni a Bash, manhajar da Brian Fox ya fitar a 1989 ƙarƙashin shirin GNU. Cikin ƙiftawar ido aiki ya ƙare.

Hatsarin yana tattare da mv, umarnin sauya suna da ke cikin Unix tun fitowar farko a 1971. Shi ba ya tambaya. In aka ce ya mayar da babi05 zuwa babi06 alhali akwai babi06, sai ya danne tsohon. In umarnin ya taso daga ƙasa zuwa sama, babi na 5 zai shafe na 6, ya ɗauki sunansa, ya wuce ya shafe na 7, haka har ƙarshe. Marubucin zai buɗe jakarsa ya tarar da babi huɗu na farko da wani fayil mai suna babi61, wanda babi na 5 ne a ciki. Babi 55 sun salwanta, kuma ba za a same su a kwandon shara ba.

Maganin shi ne a faro daga ƙarshe: 60 ya koma 61, sannan 59 ya koma 60. Kamar zama a kan benci ne, sai na bakin ƙarshe ya gusa kafin na kusa da shi ya samu wuri. In kuwa cire babi aka yi, daga ƙasa ake farawa.

Akwai wani tarko kuma. A lissafin Bash, lambar da ta fara da sifili ana karanta ta a tsarin ƙirga na takwas-takwas, don haka 08 da 09 kuskure ne, 010 kuma takwas ce. Sanya 10# a gaban lambar yana warware wannan.

Ƙwararru kan fara ajiye kwafin jakar, sannan su sa echo a gaban mv domin allo ya nuna abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Suna kuma amfani da mv -n, wanda ke ƙin danne duk fayil ɗin da ya tarar.