Nauyin baki a ƙauyukan Rufa'a

A ƙauyukan Hausawa na kewayen Rufa'a, gabas da Shuɗin Nilu, yaro kan tashi da harshe biyu. A tsakar gida Hausa ake yi masa. A kasuwa da makaranta da gonakin raken Junaid kuwa Larabcin Sudan ne. Kakanninsa wasu hanyar Makka ta kawo su, wasu sun biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903.

Idan yaro ya cika shekara uku bai fara haɗa kalmomi ba, tsofaffi kan ce nauyin baki ne, a ƙyale shi. Wani gidan a kira wanzami ya duba linzami, wani a je wa malam ya yi rubutun sha. Sau da yawa bakin kan buɗe da kansa. Amma akwai wanda ciwonsa a kunne yake: sanƙarau ya taɓa shi, ko kunnen ya daɗe yana zubar ruwa, don haka ba ya jin abin da zai kwaikwaya. Irin wannan yaro, duk shekarar da aka jira asara ce.

Jami'o'i na koyar da fannin gyaran magana, wanda ke duba irin waɗannan matsaloli. Ɗalibi zai karanta yadda maƙogwaro da harshe ke aiki, da gwajin ji, da in'ina, da maganar da kan ɓace wa mutum bayan shanyewar ɓarin jiki. Abin da ke damuna shi ne kayan gwajin, waɗanda da Larabci ko Turanci ake shirya su. Yaron da ya ce Ali ko Hasan ba tare da matse maƙogwaro irin na Larabawa ba, lafiyarsa ƙalau, haka yake ji a gida. Ɗalibin da ba ya jin Hausa sai ya rubuta masa tsamin baki. Wanda kuma ya kasa furta ɓ da ɗ, ko ya rikita hawa da saukar murya, zai wuce ba a gane ba, tunda Larabci ba shi da su. Dattijon da ya shanye ma, wani lokaci Hausar ƙuruciyarsa ce ke fara dawo masa.

Ilimi ba baƙo ba ne a wannan yanki: a nan Rufa'a Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata a 1907, wadda ta haifar da Jami'ar Ahfad ta Omdurman. Jami'ar Jazira da ke Wad Madani kuma ta daɗe tana tura ɗaliban likitanci ƙauyuka. Ina son in ga 'ya'yan gidajen Hausawan nan, masu jin harsunan biyu, sun shiga fannin.

Buƙatar ta ƙaru tun da yaƙi ya ci Wad Madani a Disamban 2023, aka kuma auka wa gabashin Jazira a Oktoban 2024. Ƙarar bam kan lalata kunne, firgici kan sa yaro ya daina magana, kuma mai duba shi sai ya fara tantance wanne ne, da harshen da uwarsa ke lallashinsa da shi.