Mutumin da ke riƙe da ragamar Majalisar Dokoki a Abijan

Duk wanda ya taso daga kasuwar Adjamé ya nufi Treichville, kafin ya hau gadar Houphouët-Boigny sai ya ratsa unguwar Plateau, inda Majalisar Dokokin ƙasar Kwaddibuwa take, amma kaɗan ne daga cikin 'yan'uwanmu fatake da masu tireda suka taɓa tsayawa su tambayi wane ne yake shugabantar wannan zaure, da kuma abin da ya haɗa aikinsa da harajin da suke biya.

Wakilai 255 ne ke zama a cikinta, kuma su ne suke zaɓen ɗaya daga cikinsu ya shugabance su har wa'adinsu ya cika. Shi ne yake buɗe zama ya rufe, shi ne yake ba wakili izinin magana ko ya tsawata masa idan ya ƙetare haddi, tare da shi ake tsara abin da za a fara tattaunawa da abin da za a jinkirta, sa'an nan idan an kaɗa ƙuri'a daga bakinsa ake jin sakamako. Yana kuma da ikon miƙa doka ga majalisar da ke kare tsarin mulki domin ta duba ingancinta kafin a zartar. A ganina, tsara jerin ayyukan nan ya fi sauran nauyi, domin shawarar da ba a sa ta a gaba ba, kome kyawunta, tamkar shari'ar da alƙali bai kira ba ce, mai haƙƙi yana ta jira a ƙofa.

Sai dai tarihin kujerar a wannan ƙasa yana da wani al'amari na daban. Philippe Yacé ya riƙe ta tun farkon samun mulkin kai har 1980, Henri Konan Bédié ya gaje shi, kuma a zamanin Bédié sashe na 11 na tsarin mulki ya tanadi cewa idan shugaban ƙasa ya rasu, shugaban majalisa ne zai ƙarasa wa'adinsa. Saboda haka ranar 7 ga Disamba, 1993, da Allah ya karɓi ran shugaban ƙasa Houphouët-Boigny, Bédié ya fito a talabijin a ranar ya bayyana cewa mulki ya dawo hannunsa, alhali kuwa Alassane Ouattara yana firayim minista, kuma duk wanda ya zauna a Abijan ya san irin husumar da ta biyo baya, har sojoji suka kifar da Bédié a Disambar 1999. Kujerar da ta zama ta yarima mai jiran gado da wuya mai ita ya tsaya ga adalci tsakanin wakilai, tun da zuciyarsa tana fada. Tsarin mulkin 2016 ya raba ta da wannan gado, ya mayar da shi ga mataimakin shugaban ƙasa, ya kuma kafa Majalisar Dattawa, wadda take zama a Yamoussoukro.

Amma fa kujerar ba ta kuɓuta daga siyasa ba. Guillaume Soro, wanda ya hau a 2012, ya sauka a Fabrairun 2019 bayan ya ƙi shiga jam'iyyar RHDP mai mulki. Amadou Soumahoro ya gaje shi, ya rasu a kan aiki a 2022, aka zaɓi Adama Bictogo. Wannan ya nuna cewa masu rinjaye ne ke naɗawa, su ne kuma ke iya ƙuntatawa, ga shi amanar da ke wuyan mai kujerar ta shafi har marasa rinjaye.

To, ya kai mai karatu, idan lokacin muhawarar kasafin kuɗi ya zo, ka kasa kunne ga rediyo ka ji ko an bar wakilan adawa sun faɗi hujjarsu har ƙarshe, domin a wannan zama ne ake yanke abin da za a karɓa a kan hajarka.