Amfani da Magungunan Taɓin Hankali Ba Tare da Cutarwa Ba: Nauyin da ke Wuyan Iyali a Gusau da Tsafe da Bunguɗu

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu yi bayani a kan magungunan da likitoci ke ba masu taɓin hankali, watau waɗanda ke jin muryoyin da babu mai yin su, ko ganin abin da babu shi, ko zargin jama'a ba gaira ba dalili, da kuma yadda za a sha su ba tare da sun zama wata sabuwar cuta ba. Mun keɓe jawabinmu ga yankin Gusau da Tsafe da Bunguɗu a Jihar Zamfara, inda likita kan ga maras lafiya na ɗan lokaci kaɗan ne, sauran kwanakin wata kuwa yana hannun iyayensa ko matarsa ko 'yan'uwansa. Saboda haka abin da muke son tabbatarwa shi ne, amincin maganin ya rataya ne a kan irin sanin da mutanen gida suka yi masa.

2.0 Asalin Magungunan da Yadda Suke Aiki

A shekarar 1952 ne wasu likitoci biyu, Jean Delay da Pierre Deniker, suka bayyana amfanin kulofuromazin ga masu taɓin hankali a birnin Faris, watau maganin da aka fi sani da Largactil. A 1958 aka harhaɗa haloferidol a ƙasar Beljiyam, sa'an nan risferidon da olanzafin suka biyo baya a 1993 da 1996. Dukkansu suna rage ƙarfin wani sinadari ne da ake kira dofamin, wanda ke isar da saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. To, da yake wannan sinadari yana da hannu kuma wajen sarrafa motsin gaɓoɓi da fitar ruwan nono, tilas ne rage shi ya taɓa waɗannan ayyuka. Daga nan ne yawancin illolin suka samo tushe.

Wajibi ne kuma a san cewa maganin ba ya aiki dare ɗaya. Barci da natsuwa kan samu cikin 'yan kwanaki, amma muryoyi da zargi sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a iya yanke hukunci ko maganin ya karɓi mutum.

3.0 Halin da Yankin ke Ciki

Tsafe tana kan hanyar Gusau zuwa Funtuwa, Bunguɗu kuwa tana kan hanyar Sakkwato. Mutanen garuruwan nan kan dogara ga manyan asibitocin Gusau, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, idan kuma ciwo ya tsananta sai a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, ko na Barnawa a Kaduna. Nisa da kuɗin mota da fargabar 'yan bindiga a kan hanya sukan sa a bar magani ya ƙare ba a koma ba, ko kuwa a sayi mai kama da shi a kemis ko a kasuwa.

Ba sabon abu ba ne a Nijeriya a jingina jinyar ƙwaƙwalwa ga dangi. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma saukar da marasa lafiya tare da 'yan'uwansu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta. Darasin da ke ciki shi ne, a mai da ɗan'uwa abokin aikin likita.

4.0 Illolin da Ya Kamata Iyali Su Gane

Illa ta farko, wadda ta fi tayar da hankalin gida, ita ce sanƙarewa. A kwanakin farko na shan magani, musamman haloferidol, kuma musamman ga samari, wuya kan murɗe, harshe ya fito, idanu su kafe sama. A ƙasar Hausa duk wanda ya ga haka sai ya ce iskoki ne suka taso, ko kuwa sammu ne ya motsa, a watsar da ƙwaya a nufi wajen boka. Alhali kuwa aikin magani ne, akwai kuma allurar da ke warware shi cikin ɗan lokaci. Abin yi shi ne a garzaya asibiti mafi kusa, tare da kwalin maganin a hannu.

Ta biyu ita ce karkarwar hannu da nauyin jiki da dalalar miyau, ko kuma rashin iya zama wuri ɗaya. Iyali kan ɗauki wannan kai-da-kawowa a matsayin ƙaruwar ciwo, su ƙara ƙwaya da kansu, abin ya daɗa muni. Likita kan rage adadin ne, ko ya haɗa da Artane. Shi ma Artane, wanda samari suka sani da Exol suna sha don maye, sai a adana shi inda hannu ba ya kai wa.

Ta uku ita ce jiri idan an miƙe da sauri, da saurin ƙunar fata a rana, waɗanda aka fi gani ga mai shan Largactil. Olanzafin kan jawo yawan ci da ƙiba da ciwon sukari, don haka a riƙa auna nauyi da sukari da hawan jini. Risferidon kan tsayar da jinin al'ada ko ya kawo ruwan nono ba goyo, abin da kan jefa matar aure cikin zargi idan miji bai sani ba. Bayan watanni ko shekaru kuma, baki da harshe kan soma motsi da kansu kamar ana tauna, wannan kuwa yana iya zama dindindin in ba a sanar da likita da wuri ba.

Mafi haɗari duka, ko da yake ba ta cika faruwa ba, ita ce zazzaɓi mai zafi tare da ƙagewar jiki da gumi da ruɗewa. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne a tsaya gida. A dakatar da maganin nan take, a kai mutum asibiti, domin tana iya kisa.

5.0 Bazara da Azumi da Haɗa Magunguna

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin yankin kan haura digiri 40, magungunan nan kuwa suna raunana ikon jiki na sanyaya kansa. Don haka manomi ko ɗan kasuwa mai shan su ya yawaita shan ruwa, ya guji ranar tsaka. Idan azumi ya gabato, a tuntuɓi likita tun da wuri, domin da yawa daga cikinsu ana iya mai da su sau ɗaya da dare. Ga wanda ciwonsa bai lafa ba kuwa, shari'a ta yi rangwame ga maras lafiya.

Ba mu ce a bar addu'a ko ruƙiya ba. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne a ajiye ƙwaya dominsu, ko a haɗa ta da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba, ko da giya da taramol da kodin da wiwi. Mai ciki da mai shayarwa da tsoho mai ruɗewar tsufa da mai farfaɗiya, duk sai likita ya san halinsu kafin a soma.

Babban kuskure shi ne dainawa da zarar an ga sauƙi. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2010 ta ba da shawarar a ci gaba da magani aƙalla wata 12 bayan lafawar ciwo na farko, sa'an nan a janye shi sannu a hankali bisa umurnin likita. Ga mazauna ƙauyukan nesa, akwai allura mai daɗewa a jiki wadda ake yi duk bayan mako biyu zuwa huɗu.

6.0 Kammalawa

A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin maras lafiya na a kula da shi cikin mutunci. Amma doka ba ta shiga ɗaki ta ba da ƙwaya. Shawararmu ita ce, kowane gida ya wakilta mutum ɗaya mai riƙe magani, wanda ya san sunansa da adadinsa da ranar komawa asibiti, a kuma bayyana masa illolin da Hausa tun ranar farko. Idan aka yi haka, da yawa daga cikin waɗanda a da ake sa wa mari za su koma gona da kasuwa da makaranta.