Tsohon inji, sabon gudu: abin da ake yi wa babur kafin ya shiga tsere

Jama'a masu saurare, makiyayan da ke ruga da fataken da ke bin hanyar Paga, Bawku da Sinkase, shirinmu na wannan mako ya leƙa Kumasi ne. Duk wanda ya kwana a Zango, ko Aboabo ko Asawase, ya san yadda samari ke son babur mai ƙara. Wasu kan sayi tsohon mashin da ya gaji, su kai shi Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera da ta samo sunanta daga ma'ajiyar makaman sojan Turawan mulkin mallaka, a farke injin a mayar da shi na gudu. To, me ake yi masa a ciki? Ya kamata ku sani, domin irin wannan mashin yakan dawo kasuwa, kuma ku ne masu saye.

Shi dai wannan tsere asalinsa Amurka, inda aka kafa ƙungiyarsa ta NHRA a 1951. Mutum biyu ne ke jerawa a miƙaƙƙiyar hanya da aka rufe, su tashi daga tsaye, tazarar kuwa mita 402 ce kacal. Babu kwana, babu kaya. Injin da aka haɗa don wannan aiki, daƙiƙoƙi kaɗan ake nema a wurinsa, daga nan a kashe shi ya huce. Ku riƙe wannan.

Mu ɗauki Honda CG125, wanda ya fito a 1975, wanda kuma da yawa daga baburan China da ke hannunku a kan tsarinsa aka ƙera injinsu. Faɗin ramin da fistin ke hawa da sauka a cikinsa milimita 56.5 ne, tafiyar fistin kuma milimita 49.5. Wannan ne ya ba da cc 124. In aka sa bulok mai faɗin milimita 62, tafiyar fistin tana nan yadda take, sai injin ya koma cc 149. Ciki ya ƙaru, ya ƙara shan iska da mai, ƙarfi ya ƙaru. Amma a bambanta wannan da borin ɗin gyara da kuka saba: shi wancan ɗan kankare ramin ake yi, kwatan milimita ko rabi, a sa fistin da ringi da suka dace, don inji ya daina hayaƙi da shan baƙin mai. Wancan magani ne, ba neman gudu ba.

Abu na biyu, kuma a nan ne haɗarin yake, shi ne aske kan silinda. Inji irin wannan yakan matse haɗin iska da fetur kamar kashi tara zuwa ɗaya kafin filogi ya ba da wuta. In aka rage kaurin kan, ɗakin ƙonewar ya ƙanƙance, matsin ya hau, bugun ya yi ƙarfi. Sai dai matsi mai yawa fetur mai kyau yake so. Ka ba shi man kwalba na bakin hanya, wanda wani lokaci an surka shi da kananzir, sai man ya riƙa fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba. Za ka ji inji yana ƙas-ƙas kamar an zuba masa tsakuwa, musamman a hawan tudu. Wannan ƙarar, malam, kan fistin take ci. Kuma ƙarfen da aka aske ba ya dawowa.

Sai kafireta. Tunda ciki ya faɗaɗa, dole a canja jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, a sa mai faɗi. Makaniken da ya san aikinsa filogi yake karantawa: in bakinsa ya yi ruwan ƙasa, haɗin ya yi daidai, in ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji na cin wuta, fistin na iya hujewa. Masu tsere har matatar iska suke cirewa. A kwalta mai tsabta na ɗan lokaci, ba laifi. A hanyar burtali lokacin hunturu kuwa, ƙurar da za ta shiga ta isa ta cinye ringi.

Ragowar ba su da wuyar ganewa. Ana fasa salansa, ana ƙarfafa sifirin ɗin kulos don kada ya zame, ana sa babban faranti mai haƙora a baya don mashin ya zabura da wuri. Wannan na ƙarshe ma yana yi wa mai kaya amfani: ƙarin haƙora biyu ko uku a baya na taimaka wa mai ɗaukar buhu ko jarkokin nono a yashi, sai dai gudun ƙoli ya ragu, mai kuma ya ɗan ƙara tafiya.

A ganinmu, gwanintar masu wannan aiki abin yabo ce, amma mashin ɗin ba na mai neman abinci ba ne. Kuma titin Zango da ke cike da yara da 'yan talla ba filin tsere ba ne. Birkin tsohon babur ba a yi shi don wannan gudun ba.

Saboda haka in za ka sayi na hannu, je ka da safe, ka taɓa injin ka ji da sanyinsa kafin a tayar. Kwance filogi ka duba launinsa. Dubi gindin bulok, galibi akwai lambar cc a jiki, ka gwada ta da abin da ke cikin takarda. In sun saɓa, ka tambayi dalili, domin jami'in kan iyaka ma lambar inji da ta firam zai gwada da takardarka. Sannan ka ɗora mutum a baya, ku hau tudu a giya ta uku, ka kasa kunne.