Takardar Dubu Goma Sha Biyar Ba Ta Gyara Motarka

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon karon mota a cikin gari, ko a titin Zariya na Kano ko a Kawo ta Kaduna, ya san yadda ake ƙarewa. Direbobi su fito suna ɗaga murya, 'yan kallo su yi da'ira, sai wani dattijo ya ce a yi haƙuri, tsautsayi ne ba ya wuce ranarsa. A kira mai gyara ya yi kuɗin aiki, mai laifi ya ɗauka ko a raba. Da wuya ka ji an ambaci inshora, alhali kowace mota a cikin biyun tana da takardarta a ninke tare da lasin. Ranar da aka tuna da ita ma, yawanci a kan kuskure ne. Mutum ya murƙushe gaban motarsa, ya ɗauki takarda ya nufi kamfani, a ce masa ai wannan ba ta shafi motarsa ba, ya dawo yana rantsuwa cewa 'yan inshora macuta ne. Akwai macutan a cikinsu, amma a wannan gaɓar gaskiya suka faɗa masa. Bai san abin da ya saya ba ne.

Inshorar da doka ta wajabta a Najeriya tsohuwa ce, dokarta ta farko tun ta 1945 ce, zamanin Turawa. Ita ce ake kira tad-fati, wato ta mutum na uku. Kai ne na farko, kamfani na biyu, na ukun shi ne wanda ka buge, ko ka fasa wa mota, ko ka rushe wa katanga. Shi ake biya, ba kai ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya na ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Adaidaita sahu 5,000 ne da iyakar miliyan 2, babur 3,000 da iyakar miliyan 1, manyan motocin dakon kaya 100,000 da iyakar miliyan 5. Tun 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka fara matsa tambayarta a kan hanya, abin da ya sa mutane da yawa suka yanka don a bar su su wuce kawai.

Ba na raina wannan takarda. Idan ta gaskiya ce, tana da amfanin da ya fi kuɗinta nesa ba kusa ba, musamman inda aka ji rauni ko aka rasa rai, domin nan ba a yanke mata adadi kamar yadda aka yi wa dukiya ba. A ƙasar Hausa mun saba jin iyalan mamaci sun ce sun yafe, kwana ne ya ƙare. Yafiya alheri ce, amma sau da yawa ana yin ta ne don an ga direban ba shi da abin bayarwa, marayu kuma su tashi hannu rabbana. Da an san akwai kamfanin da hakkin ya rataya a wuyansa, da an yafe wa direba kuma an karɓar wa yara abin da zai riƙe su. Haka nan idan kai aka buge, kana da damar rubuta lambar takardar wanda ya buge ka, ka nemi hakkinka wurin kamfaninsa.

Sai dai fa idan ta gaskiya ce. Takardun bogi sun yi yawa a hannun masu tare mutane a bakin ofisoshin sabunta takardun mota, waɗanda ke haɗa maka komai cikin minti goma. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID. Ka latsa *565*11# a wayarka ka sa lambar mota, ko ka duba a shafinsu na intanet. In ba ka ga motarka ba, takarda ce kawai ka saya da tawada.

To, ko ta gaskiyar ce, dubi inda ta tsaya. Miliyan 3 kuɗi ne idan tsohuwar Golf ka goga. Idan birki ya ƙwace maka ka daki bayan sabuwar jif, fitilu da bamba da murfin but kaɗai suna iya haura wannan adadi, ragowar kuma daga aljihunka za ta fito. Mutane ƙalilan ne suka san ana iya ƙara ɗan kuɗi a ɗaga wannan iyaka ba tare da an sayi babbar inshora ba. Ga mai yawan zirga-zirga a Abuja, inda motoci masu tsada suka cika titi, wannan tambaya ce da ta cancanci a yi wa kamfani.

Mataki na gaba shi ne inshorar da ta haɗa hakkin mutum na uku da gobara da sata. Ba ta gyara maka mota idan ka yi karo, amma in ta kama da wuta ko aka sace ta a bakin masallacin Juma'a ko a wurin biki, za a biya. Ba kowane kamfani ke tallata ta ba, sai ka tambaya.

Sannan cikakkiyar inshora, wadda suke kira kwamfirihensif. Ita ce ke ɗaukar gyaran motarka ko da kai ne mai laifi, haɗe da gobara da sata da hakkin wanda ka buge. NAICOM ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar miliyan 8 ke nan za ta ci aƙalla naira 400,000 a shekara. Kuɗi ne mai nauyi, ba sai an ɓoye ba, kuma daga nan ne dabarar da ke cutar da masu mota take farawa.

Dabarar ita ce rage darajar mota a takarda. Motarka ta miliyan 8 ce, sai ka ce a rubuta miliyan 4 don ka biya 200,000. Ejan kamfanin inshora ba zai hana ka ba, kamashonsa yake nema. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka sace motar, miliyan 4 ce iyakar abin da za ka gani, ba za ta sayo maka irinta ba. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙaramin haɗari. Yawancin takardu suna da sharaɗin cewa idan rabin daraja ka yi wa inshora, rabin asara za a biya ka. Gyaran miliyan 1 sai a ba ka 500,000, su ce sauran rabin kai ne ka zama kamfanin inshorar kanka. Akwai ma waɗanda suka faɗa wannan rami ba da niyya ba. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a shekarar da ta biyo, farashin motoci da kayan gyara suka bi ta. Wanda ya ci gaba da sabunta takardarsa a kan tsohon farashi yana nan yana jin a rufe yake, alhali bargon bai kai masa gwiwa ba. Duk lokacin sabuntawa, ka leƙa wurin dillalan mota ka ji nawa irin taka take a yau, shi za a rubuta.

Bayan maganar daraja, abu na biyu shi ne kason mai mota, wanda a takarda ake kira ekses. Wani adadi ne da aka amince kai za ka fara ɗauka a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu. Idan an rubuta 50,000, misali, kuma madubin gefe da aka fasa maka na 40,000 ne, ba ka da abin karɓa. Wasu kamfanoni suna yarda ka biya ƙari a cire wannan sharaɗi. Haka kuma in za a sa wa tsohuwar mota sabon kaya, ko sabuwar taya a madadin wadda ta sha hanya, suna iya cewa ka cika wani abu, tunda inshora mayar da kai take yi inda kake kafin asara, ba ta ɗaga ka sama da nan.

Sunan "cikakkiya" ma yana ruɗi. Ambaliya ba lallai ta kasance a ciki ba. A wasu takardun tana nan, a wasu sai an ƙara kuɗi an rubuta ta. Wanda ya ga hotunan Maiduguri bayan fashewar madatsar Alau a Satumbar 2024, motoci sun nutse har rufi, ko na Mokwa a Mayun 2025, ya san wannan ba maganar mutanen Legas kaɗai ba ce. Ruwa in ya shiga inji da na'urorin motar zamani, sau da yawa gyaranta ya fi sayen wata tsada. Tarzoma da zanga-zanga da yajin aiki su ma yawanci sharaɗi ne na daban. Yaƙi da ta'addanci kuwa a waje suke a takardar yau da kullum. Lalacewar inji don tsufa, ko giya ta ƙi shiga, ko ka manta ba ka zuba baƙin mai ba inji ya buga, duk wannan tsakaninka da bakanikenka ne.

Sai maganar wa ke tuƙi, kuma me ake yi da motar. A gidajenmu mota ta kowa ce. Ƙane ya ɗauka, ɗan maƙwabci ya kai mara lafiya asibiti, yaro ɗan sakandare ya zaga da ita unguwa da yamma. In haɗari ya faru a hannun wanda ba shi da lasin tuƙi, ko lasinsa ya ƙare, ko yana cikin maye, kamfani ya sami ƙofar fita. Wasu takardun ma sunayen direbobi suke ƙayyadewa. Haka ma'aikacin da ya yi wa motarsa inshorar gida, amma idan an tashi aiki yana ɗibar fasinja daga Nyanya zuwa cikin Abuja, ko ya yi rajista da manhajar haya ta Bolt. Ba laifi ba ne neman na cefane, sai dai ranar da abu ya faru za a ce motar haya ce aka yi wa takardar gida. Gara a faɗa musu tun farko a biya farashin haya.

Jikinka fa? Mutane suna tuna ƙarfe su manta da mai tuƙa shi. Abin da cikakkiyar inshora ke warewa don jinyar direba da na cikin mota yawanci kaɗan ne ƙwarai, ba zai riƙe karayar ƙafa a asibitin ƙashi na Dala ba. Mai yawan bin hanyar Kano zuwa Abuja ya tambayi inshorar haɗarin jiki, wadda ake ƙarawa daban. Mai tsallaka iyaka kuma, zuwa Maraɗi ko Kwatano, ya tabbatar kafin ya tashi ko takardarsa tana aiki a can, domin kariyar motarka galibi a iyakar Najeriya take tsayawa.

Na san da yawa ba tsada ce ta hana su yin inshora ba, shakkar halacci ce, saboda riba da rashin tabbas da malamai suka yi magana a kai. Tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma akwai kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful da ke aiki a kansu. A nan kuɗin da ka bayar gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, kamfani wakili ne mai karɓar ladan kula da shi, ba a juya kuɗin a harkar riba, akwai kwamitin malamai da ke sa ido, kuma in an sami rara a ƙarshen shekara ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Amma kada sunan ya sa ka ƙi karatu. Sharuɗɗan daraja da kason mai mota da lasin direba suna nan a takaful kamar yadda suke a ko'ina.

A ganina ba kowa ne ya kamata ya sayi cikakkiya ba. Mai tsohuwar mota wadda in ta mutu zai iya haƙura ya hau adaidaita, ta dole ta gaskiya ta ishe shi, wataƙila da ƙarin iyaka. Amma wanda ya karɓi mota da bashin banki ko na ƙungiyar ma'aikata, ko wanda ita ce jarinsa, ko wanda ya tara shekara biyar kafin ya saye ta, ya yi wa kansa tambaya ɗaya: in ta tafi gobe, zan iya sayen wata? In amsar a'a ce, kashi 5 cikin ɗari ba ɓarna ba ne.

In abin ya faru, ka ɗauki hotuna kafin a matsar da motoci, ka rubuta lambar ɗayar motar da ta wayar shaidu, ka kira kamfani a ranar, domin kowace takarda tana da wa'adin sanarwa. Kada ka sa hannu a wata yarjejeniyar biya a bakin titi, kada kuma ka kai mota gareji a fara bugu kafin mai duba ɓarna na kamfani ya gani. Sata da rauni da rasa rai suna buƙatar rahoton 'yan sanda. A sata za a nemi makullai da takardun mota na asali, kuma akwai lokacin jira ko za a gano ta. Idan aka biya ka kuɗin mota gaba ɗaya, gawar motar ta zama ta kamfani. Ka riƙe rasit ɗin biyanka, don doka ta ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, ko da ejan ya ce ka kawo daga baya. Kamfanin da ya yi ta ja maka rai bayan ka cika komai, ka rubuta ƙorafi zuwa sashen koke-koke na NAICOM, ka haɗa da kwafin takardar, da hotunan, da duk wasiƙun da kuka yi musaya.