Koton roba: dabarar masu fatsa a ƙasar Amurka

A tabkuna da kogunan Amurka akwai wasu ƙananan kifaye masu faɗin jiki kamar gargaza, irin su bulugil da kirapi. Mutanen can suna kiransu kifin kasko, domin guda ɗaya yakan shiga kaskon suya ba sai an yanka shi ba. Da tana aka saba kama su, amma yau masu fatsa da yawa sun koma ga koton roba mai laushi.

Asalin wannan koto yana garin Akuron na jihar Ohayo. A shekara ta 1949 wani ma'aikaci mai suna Nick Creme da matarsa suka narka roba a ɗakin girkinsu, suka zuba ta cikin zubi mai siffar tana. A shekara ta 1972 kuma kamfanin Mister Twister na jihar Luwiziyana ya fito da tsutsar roba mai lanƙwasasshen wutsiya, wadda take kaɗawa da zarar an ja zare.

Wurin zaɓe, abin lura na farko shi ne bakin kifi. Bulugil yana da ƙaramin baki ƙwarai, saboda haka koton da ya dace da shi bai cika wuce santimeta 2 zuwa 4 ba. Kirapi ya fi shi girman baki, yakan haɗiye mai santimeta 5. Ana soka robar a ƙugiya mai ɗan kan darma, wanda nauyinsa yake tsakanin rabin giram da giram 2, don ta nutse a hankali kamar ƙwaron da ya faɗa ruwa. Launi kuwa ruwa ne yake faɗinsa: in ruwa garai yake, a ɗauki mai kama da ɗan kifi, in ya gurɓace, a ɗauki tsanwa mai haske ko baƙi.

Sau da yawa kifi yakan tsakuri wutsiyar koto ya bar ƙugiya. Maganin wannan almakashi ne. Sai a datse robar ta wajen kai, ƙugiya ta matso kusa da wutsiya. Wasu sukan tsaga wutsiyar gida biyu don ta ƙara rawa, ko su tsoma ta cikin rini. Ɗigon gam ɗaya a wuyan ƙugiya yakan hana robar zamewa.

Wannan ɗigon gam ba don tsimi kaɗai ba ne. Robar da ta zame ba ta ruɓewa da wuri. In kifi ya haɗiye ta, takan kumbura a cikinsa ta hana shi cin abinci sosai. Shi ya sa a shekara ta 2013 aka kai wa majalisar jihar Men shawarar hana wannan koto. Dokar ba ta tabbata ba, amma gargaɗin yana nan: mai fatsa ya ɗaure kotonsa da kyau, wanda ya yage kuma ya sa shi aljihu, kada ya jefa shi ruwa.