Kafin ka karɓi mabuɗin gida, ka tambayi wayar ƙasa

Wanda zai sayi gida ko ya kama haya a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, abin da yake dubawa sananne ne: rufi ko yana zuba, bango ko ya tsage, pampo ko yana kawo ruwa. Game da lantarki kuwa, da ya danna makunni fitila ta kama, shi ke nan hankalinsa ya kwanta. Alhali wayar da take tsare ran mutum ba ta kunna fitila ko ɗaya.

Da Faransanci ana ce mata «terre». Mu da aikinmu fassara ne, ba mu ga sunan da ya fi «wayar ƙasa» dacewa da ita ba, domin ƙasa ta nufa. Launinta kore da rawaya. Kuran da kamfanin Nijelek yake kawowa gidajenmu bolt 220 ne. Idan robar waya ta tsufa ta kware a cikin firigo ko dutsen guga, kuran yakan hau jikin ƙarfen yana neman hanyar sauka. In akwai wayar ƙasa ita zai bi, disjonktar ta ji ɓarakar, ta yanke wuta. In babu, hanyar ita ce mutumin da ya taɓa, balle wanda ke tsaye babu takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Miliyampar 30, kuran da bai fi na ƙaramar fitila ba, ya isa ya tsai da numfashi.

Saboda haka ka tafi da ma'aikacin lantarki wanda kai ka kira, ba wanda mai gida ya kawo ba. Zai fara da piriz. Irin na Faransa yana da ramuka biyu da ƙusa guda da ta fito waje, ita ce ta ƙasa. Amma ganin ƙusa ba shaida ba ne. Sai ya kwance ya ga ko akwai waya a bayanta. Sau da yawa babu. Daga nan ya bi wayar zuwa allon wuta, ya fita waje har inda aka kafa sandar ƙarfe, wadda ya kamata ta nutse metir 2 ko fiye.

To, a nan ne maganar take da nauyi a ƙasarmu. Ƙa'idar Faransa mai suna NF C 15-100 ta ce, inda babbar disjonktar take yankewa a miliyampar 500, kada tirjiyar ƙasa ta wuce om 100, domin kada jikin ƙarfe ya ɗauki fiye da bolt 50. Ƙasa mai laima tana karɓar kuran cikin sauƙi, busasshen yashi kuwa ba ya karɓa. Sandar da aka auna a watan Agusta aka ce lafiya lau, tana iya zama tamkar babu a watan Afrilu, lokacin da yashi ya bushe har can ƙasa, kuma lokacin ne ake cika na'urar sanyaya ɗaki da ruwa, ita kuwa jikinta ƙarfe, yara suna rungumar ta. A ganina awon damina ba abin dogaro ba ne. A auna da rani, da na'urar awo, ba da ido ba. Kuma in ka tarad da gindin sandar a jiƙe ranar da ba a yi ruwa ba, ka tambayi wanda ya zuba.

Magani shi ne sanda mai tsawo, ko sanduna da dama a haɗa su da waya. Mai sabon gini ya fi kowa sa'a: ya shimfiɗa jan ƙarfe marar roba cikin ramin harsashi, ya kewaye gidan kafin a zuba siminti. Gishiri da gawayi da wasu ke turawa a rami suna gyara awo na ɗan lokaci, amma gishirin yana cin sandar.

Sai makewayi. Bututun ƙarfe, tukunyar ɗumama ruwa da ƙarfen ƙofa, duka a haɗa su da waya guda zuwa wayar ƙasa, domin kada hannun dama ya taɓa abu mai kuran, na hagu yana riƙe da wanda babu. A tsofaffin gidaje akan ɗaura wayar ƙasa ga bututun pampo kurum. Ƙa'ida ta hana wannan, kuma ranar da mai gyara ya sauya wani yanki da bututun roba, hanyar ta yanke ba wanda ya sani. Pampon da ke tsikarin hannu wajen wanka alama ce, ba abin sabo ba.

Kafin ku fita, ka nemi ƙaramar disjonktar ta miliyampar 30 a kan allo, ka danna maɓallinta na gwaji. In wuta ba ta ɗauke nan take ba, ko kuma babu ita sam, a rubuta cikin takardar yarjejeniya wanda zai saya da ranar da za a sa, kafin kuɗi su fita daga aljihunka.